Yadda Na Sa wa Basine Hanjin Rago

Lalle ne ya kai ni gidanta. Likita ce daga Najeriya, ta zo Jidda aikin kwantiragi, rabin mako tana asibiti, rabi tana koyarwa a wata makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Za ta je biki, aka ce mata in tana son zanen da bai yi kama da na kowa ba ta nemi 'yar mahaucin nan ta unguwar Nuzla. Ni ke nan. Ba yabon kai ba, a shekarun nan babu amaryar da za a kai a layinmu ba ta bi ta hannuna ba. Na san haka sarai, shi ya sa ba a cika son gardama da ni a kan fure da ganye ba.

Na gama mata hannun dama ina jira ta gyara zama, sai idona ya faɗa kan wasu takardu a teburinta. Ta samansu hoton wani tsohon zane ne da aka ɗauko daga littafi, baƙi da fari, duk ya dusashe. Gangar jikin mutum ce ba hannu ba ƙafa, an buɗe ta. A ciki wasu ganyaye sun rataya daga sama, ƙarƙashinsu wani abu mai kama da furen da bai buɗe ba, can ƙasa wata igiya ta naɗe ta sake naɗewa. Gefe-gefe ƙananan rubutun Sinawa ne. Na shagala da kallo har lallen ya ɗiga mata a kan kafet.

"Daktora, esh hada, mene ne wannan? Wa ya yi wannan ƙunshin?"

Ta yi dariya har kafaɗarta na rawa. "Ba ƙunshi ba ne, ƙanwata. Cikin mutum ne. Ganyayen nan huhu ne, furen nan zuciya."

Hannun daman na shanye a iska, na hagun na riƙe a nawa, don haka da haɓa take yi min nuni. Ta ce lacca za ta gabatar wa ɗalibai a kan yadda mutanen da suka fara zana cikin ɗan Adam, kuma ta zaɓi na ƙasar Sin. Takardar farko, in ji ta, wani mai kaɗaita don ibadarsu ne ya zana, bai taɓa buɗe kowa ba, abin da littattafansu suka faɗa da abin da tunaninsa ya ba shi ya sa a takarda. Ta biyun kuwa da labari. Shekara kusan dubu da suka wuce an kashe wasu 'yan tawaye, sai mai mulkin yankin ya sa a buɗe cikinsu, likita na dubawa, mai zane na tsaye yana zanawa. Asalin zanen ya ɓace tuntuni, abin da ya iso mana kwafin kwafi ne.

"Mai zane?" na ce. "Wato likitoci ne suka aika aka kira mai zane?"

"Ƙwarai. In ba shi, da abin da suka gani ya mutu tare da su."

Tun ina ƙarama nake zane a bayan kwali da bangon soro ana dukan hannuna, kuma iyakar abin da duniya ta yarda hannun nan ya yi shi ne ƙafar amarya. Ban taɓa jin an ce akwai ranar da masu ilimi suka tsaya cirko-cirko suna jiran irina ba. Na rufe ta da tambayoyi har lallen hagu ya bushe a robarsa, sai da na sake kwaɓa wani.

Da zan tafi ta tsayar da ni. Ta ce hotunan sun dusashe, ɗalibin da ke baya ba zai ga komai ba, ko zan iya sake zana mata guda biyun nan a babbar takarda cikin kwana goma? Sannan ta ƙara da abin da ya hana ni cin abincin rana. Mudirin makarantarsu, wato shugabanta, yana neman wanda zai riƙa zana musu hotunan koyarwa, aiki na dindindin, kuma su za su zama kafilinsa, masu tsaya masa a wurin hukuma. In zanena ya yi kyau za ta kai masa.

Sai wanda aka haifa a nan zai san nauyin maganar nan. Kakana ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. A Jidda aka haifi babana, a Jidda aka haife ni, ban san wata ƙasa ba. Amma iƙamata, takardar izinin zamana, a rataye take a jikin ta babana, tasa kuma a jikin wani tsohon kafili da ya fi shi tsufa. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar mahaifiyata. Duk ranar da Baba ya yi tari mai ƙarfi, kunya nake ji, don kafin in tuna da lafiyarsa na riga na tuna da takardata. Lalle ba ya ba mutum iƙama, ko da kuwa ya iya shi kamar me.

Daga gidanta ban zarce gida ba. Na sauka kasuwar Bab Makka na kutsa cikin masu atamfa da masu dabino har na samo shagon da ke sayar da farar takarda mai kauri, na sayi tawada baƙa da burushi mai siririn baki. Na rungumo takardar a naɗe ina tafe ina murmushi ni kaɗai, masu shaguna na kallona. Washegari bayan asuba, Baba na fita mayanka, na share tsakar ɗaki na shimfiɗa kayana.

Kafin azahar ya dawo, kamar kullum, da ƙanshin sabulun da ba ya iya rufe ƙarnin nama. Babana gajere ne mai kaurin hannu, shi ke kai wa masu tsiren unguwarmu nama tun kafin a haife ni. Ya tsaya a kaina yana kallo. Na ɗauka maganar hoto zai yi, har na shirya amsa, sai ya ce tunda ba fuska ba ido babu ruwansa. Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo takardar farko kusa da hancinsa.

"Wannan baƙin mene ne?"

"Daktora ta ce hanta ce."

"Hanta? A hagu?" Ya ɗago ya dube ni kamar ni na ajiye ta a wurin. "Ya binti, 'yata, tun ina saurayi nake fiɗa, ban taɓa miƙa hannu hagu na ciro hanta ba. Saifa ce a hagu. Wannan mutumin ya juya takardar ne ko kuwa?"

Ya ɗauki ta biyu. A wuya an zana ramuka uku a jere. Na gaya masa yadda Daktora ta fassara min, ɗaya na iska, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa. Baba ya tambaye ni da gaske, ba wasa a fuskarsa, to in mutum ya sha kunu ta wanne zai bi? Na yi dariya har na kwanta a kan tabarma. Shi ko kaɗan bai yi ba, ransa ya ɓaci sosai. Wuya wurin aikinsa ne, a nan halal da haram suke rabuwa, kullum da safe sai ya sa wuƙa a wurin da bisimilla. A ce wani ya ƙara masa rami a ciki, ko da Basine ne da ya mutu shekara dubu, bai ga abin dariya ba.

"Bukra," ya ce yana miƙewa. "Gobe zan kawo miki ki gani da idonki. Halas, magana ta ƙare."

Ya cika alkawari. Washegari ya shigo da babbar roba a rufe da leda, ya dire ta a tsakar gida. Kayan cikin rago ne a haɗe yadda Allah ya jera su, daga maƙogwaro har hanta, ko ɗaya bai raba ba. Ni da na tashi a gidan mahauci, na soya hanta ba adadi, ashe ban taɓa ganinsu a haɗe ba. Kullum a yanke suke iso min.

Ya naɗe hannun riga, ya kama maƙogwaron ya kafa bakinsa ya hura. Huhun da ke kwance a yamutse ya tashi a gabana, ya cika, ya yi jajir mai haske, har ƙananan gefunansa suka miƙe. Na ƙwala ihu. Ya saki, ya koma ya kwanta. Na ce ya sake, ya sake. Sau huɗu na sa dattijon nan ya hura huhun rago yana haki yana dariya, rabon da in ga haƙoransa haka tun mahaifiyata na da rai. Sannan ya zura ƙotar cokali ta ɗaya hanyar mai laushi da ke manne a baya, ya nuna min inda take sauka.

"Wahid, itnen, ɗaya, biyu. Yalla, nemo min na uku."

Na laluba da yatsuna, babu. Ya ɗora hantar a tafin hannuna, da nauyinta da santsinta, ya juya ta ya nuna min maɗaciya a maƙale a ƙarƙashi, koriya, ya ce ita ce abin da mahauci ke fara kiyayewa, in ta fashe nama ya tashi daga aiki. Rannan har la'asar muna tsugune, yana nunawa ina zanawa a ƙaramin littafi, ƙudaje na bikinsu a kanmu.

A nan ne fa shawarar ta zo, kuma ba zan ɗora wa Baba ita shi kaɗai ba. Ni na fara cewa ai abin kunya ne a kafa wa ɗaliban lafiya hanta a hagu. Shi kuma ya ce likitar baƙuwa ce, wataƙila ba ta lura ba, in na gyara mata a ɓoye na rufa mata asiri ke nan. Mu dai a sana'armu haka ake yi. In uwar amarya ta kawo min hoton zane mai karkataccen fure, ba na kwafe karkatar, miƙar da shi nake yi, kuma godiya ake yi min. Na mayar da hanta dama, saifa hagu. Na toshe rami ɗaya a wuya. Ganyayen huhun da furen zuciyar na bar su, don sun yi min kyau ƙwarai, na ma ƙara musu jijiyoyi sirara.

Saura hanji. A hoton asali wurin ya dusashe, layukan sun cakuɗe, ban gane ina suka nufa ba. Na faɗa wa Baba, ya ce mafi mushkila, wato ba matsala. Ya kawo hanjin rago cikakke, ya wanke, ya baza shi a kan faranti a hankali. A tsakiya akwai wani sashe da ya naɗe kansa zagaye bayan zagaye kamar faifai. Ban taɓa ganin abu mai tsari irinsa ba. Na zauna na zana faifan nan a cikin Basinen farko, na zana a cikin na biyu, ko layi ɗaya bai kauce ba. Matan layinmu suka riƙa shigowa kallo, wata ta ce wallahi in an rage shi zai yi kyau a tafin hannu. Kaina ya yi girma har ina jin ƙofar ɗakin ta yi min kaɗan.

Ana saura kwana uku laccar na kai mata. Na warware takardun a kan teburinta na ja da baya ina jiran yabo. Ta sa tabarau. Ta dubi ta farko, ta dubi ta biyu, ta koma ta farko.

"Ina rami na uku?"

"Na gyara, Daktora. Biyu ne. Babana ya nuna min."

"Hantar fa?"

"Ita ma. Ai a dama take."

Ta cire tabarau ta dafe goshi. "Innalillahi. Ƙanwata, wa ya ce ki gyara? Ni ban san inda hanta take ba? Kullum fa ita nake dubawa."

Zuciyata ta hau. Ni dama ba a taɓa min hannu in yi shiru. Na ce wato ƙarya take so in zana mata da hannuna, ta kafa wa yara su haddace? Na ce kwana bakwai ina durƙushe, babana da tsufansa yana ɗauko roba daga mayanka, wannan ce godiyar? Har na fara naɗe takarduna.

Ba ta biye min ba. Ta jawo aljihun tebur ta ciro takarda ta uku wadda ba ta ba ni ba, don ita ba ta dusashe ba. Shi ma zanen Sinawa ne, irin salon nan na ganye da fure. Ta ɗora yatsa a wuya, ramuka biyu. Ta ɗora a ciki, hanta a dama. Ta ce bayan shekaru masu yawa wani likitansu ya sake tsayawa a kan gawarwaki da mai zanensa, ya duba da kyau, ya gyara abin da na baya suka yi kuskure. Laccar gaba ɗaya a kan wannan take, yadda aka tashi daga zato, aka je ga kallo na gaggawa, aka iso ga kallo na natsuwa. In na gyara musu tun daga farko, me za ta nuna wa ɗalibai? Ta ce irina ne masu kwafin da suka sa yau ba a san ainihin abin da mai zanen farko ya zana ba, kowa ya karɓa sai ya ɗan miƙe abin da ya ga ya karkace.

Ina tsaye tsuru-tsuru sai na ga ta sake sunkuyawa kan zanena, ta ƙura wa ƙasan cikin ido. Kafaɗarta ta fara rawa.

"Wannan kuma daga ina?"

"Hanji ne."

"Na wa?"

Nan take na gane. Ta fashe da dariya har da hawaye, tana bubbuga tebur. Ta ce ɗan Adam ba shi da wannan naɗin, na dabbobi masu tuƙa ne. Na gyara wa Basine hanta, na gyara masa wuya, sannan na ɗauki hanjin rago na zuba masa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta lafa ta ce in bar mata waɗannan, in je in sake na asali yadda suke, da kuskurensu da komai, inda ya dusashe in bar shi a dusashe. Maganar mudir kuwa ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba.

Na ba Baba labari. Yana zaune yana murza tafin hannunsa. Can ya ce, "Ni rago na sani, ya binti. Ban taɓa buɗe ɗan Adam ba, Allah ya kiyaye. Na ɗauka duk ɗaya ne." Tausayinsa ya kama ni fiye da tausayin kaina. Amma hakan bai hana shi yin kicin-kicin da fuska ba da ya ga na fara zana hanta a hagu a tsakar ɗakinsa. Kwana uku yana bin gefen bango in zai wuce, yana kawar da kai.

Kwafe kuskure ya fi gyara shi wuya, wannan na koya a kwanakin nan. Hannuna ya riƙa zamewa zai bi abin da na sani, ina dawo da shi. Da na zo ramukan uku sai na tsinci kaina ina tunanin mai zanen. Mutum ne irina, wataƙila furanni da tsuntsaye ya saba zanawa, aka kira shi aka tsayar a gaban abin da bai taɓa gani ba, ga wari, ga ƙuda, ga manya na cewa ya yi sauri. Ya leƙa wuyan da aka yanka, ya ga abin da ya gani, ko abin da aka ce masa zai gani. Na daina jin haushinsa. Ni da nake da kwana bakwai da fanka a kaina ma ga abin da na aikata.

Ranar laccar ban je ba, ina gida ina wanke-wanke da la'asar wayata ta yi ƙara. Daktora ce, muryarta har tana sarƙewa. Ashe ta tafi da Basinen mai hanjin rago. Bayan ta gama da na Sinawa uku ta kafa shi a allo, ta ce ga na zamaninmu, a nemo kuskuren. Ɗalibai suka yi ta zagaye, sai da ƙyar wata ta gano. Mudir na zaune a baya, ya taso ya tsaya a gaban zanen ya daɗe, sannan ya ce a kawo masa mai hannun nan ranar Lahadi. Na saki kwanon da ke hannuna na yi tsalle a cikin ruwan kumfa, saura kaɗan in karye.

"Tsaya, ban gama ba," ta ce. "Ya ce hannun ya yi, amma idon rago kawai ya taɓa gani. Zai shigar da ke ɗakin da ɗalibai ke koyo a kan gawa. Awa ɗaya, ki zana abin da ke gabanki. Za ki iya?"

Na ce zan iya tun kafin in yi tunani. Bayan na ajiye wayar ne na gane abin da na ɗauko wa kaina. Ko gawar mahaifiyata ban iya tsayawa wanka ba, maƙwabta ne suka yi.

Ranar Lahadi Baba bai fita mayanka da wuri ba, ya jira na shirya. A bakin ƙofa ya ce in yi alwala kafin in shiga, in yi wa mutumin sallama, don ko ba a san sunansa ba ɗan wasu ne. Har na taka matakala ya sake kirana.

"Kuma kar ki zana abin da na gaya miki. Ki manta da ni."

Mudirin dattijo ne dogo mai furfura, ba ya yawan magana. Shi da Daktora suka ba ni farar riga da safar hannu, suka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi, warin magani na shiga ido. A kan tebur na ƙarfe an lulluɓe mutum da mayafi. Mudir ya yaye daga ƙirji zuwa mara kawai, fuska da sauran jiki a rufe. Na ce assalamu alaikum a hankali. Na jingina da tebur na kusa, fensir ya faɗi sau biyu. Daktora ta matso za ta riƙe ni, na girgiza mata kai.

Na tilasta wa idona ya tsaya. Da ya tsaya kuwa sai tsoron ya fara ja da baya, wani abu ya maye gurbinsa, irin abin da na ji ranar da huhun rago ya tashi. Komai launin ƙasa-ƙasa ne, ba ja ba kore. Hantar ta fi yadda na zata girma, ta cika dama har ta leƙa hagu. Babban hanjin ba faifai ba ne ko kusa, hawa ya yi ta dama, ya gitta sama, ya sauka ta hagu. Subhanallah, na faɗa a fili ban sani ba. Hannuna ya kama aiki.

Saura kamar minti goma na zo ƙarƙashin hanta. Mudir ya sa ƙarfe ya ɗaga min gefenta ya koma ya tsaya. Na leƙa neman maɗaciya, ban gan ta ba. Na sunkuya, na zagaya ta ɗaya gefen, na sake leƙawa. Wani ɗan kwari ne kawai a wurin, fayau. Na san tana nan. Baba ya ɗora min ita a tafin hannu, a hoton da ke bangon ɗakin ma ga ta can a zane, Sinawan ma duk ukun sun sa ta. In na bar wurin babu komai zai ce ban iya kallo ba, aikin ya tafi, iƙamar ta tafi. Layi biyu ne kawai, na san siffarta, bakin fensirin har ya taɓa takarda. Na daɗe a haka. Sannan na ɗaga shi, na zana kwarin yadda yake, na miƙa.

Ya karɓa ya duba daga sama har ƙasa, bai yi sauri ba. Ya ɗora yatsa a wurin.

"Fen al-marara? Ina maɗaciya?"

"Ban gan ta ba, ya duktur."

"Kin duba da kyau?"

"Sau uku. Babu."

Ya dubi Daktora, ta kawar da kai tana cije leɓe. Ya ce an cire wa mutumin ita tun yana da rai, aka yi masa aiki ya warke ya ci gaba da rayuwarsa. Ya ce da yawa in ya tsayar da su a nan sai su zana masa ita ɓul-ɓul. Ya naɗe takardar ya sa a hammata, ya ce gobe in kawo fasfo da iƙama ofis a fara maganar canjin kafili. Ya juya zai fita, na ce ya dakata. Na kama bakin mayafin na ja wa mutumin har sama, na gyara gefe da gefe.

Ban san yadda na sauko matakalar makarantar ba. A bakin titi, rana na dukan kaina, na kira Baba. Ina jin ƙarar sara da hayaniyar mayanka a bayansa.

"Baba, an ɗauke ni! Sun ce in kawo takarduna gobe!"

Na ji ya ajiye wuƙa.

"Mutumin fa?" ya ce. "An rufe shi bayan kin gama?"

"Ni da hannuna na rufe shi."

Na ji ya ja dogon numfashi. "Tayyib, madalla. Allah ya ji ƙansa. To yanzu ki yi murnarki, ya binti."

Na rangaɗa guɗa a bakin titin nan, ni kaɗai, hawaye na zuba, har wani mai tasi ya taka birki ya leƙo yana tambaya ko lafiya.